Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Wurin Buɗe Baje Kolin Sulallan Tunawa na Manyan Bankuna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukaki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara. Masu girma hakimai da 'yan majalisar Sarki, malamanmu, Sarkin Maƙera da jama'arsa, shugabannin kasuwa, ma'aikatan bankuna da suka amsa gayyatarmu, iyayenmu mata, malaman makaranta da ɗalibansu, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin kwamitin da ya shirya wannan baje koli, wato masu tara tsofaffin kuɗi da maƙeran fari da malaman tarihi na wannan gari, muna yi wa Mai Martaba barka da sauka, sannu da hanya. Mun san hidimomin da ke jiran Sarki a fada. Da ya aiko wakili ma mun gode, amma ya tako da kansa, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Allah ya saka da alheri.

Abin da muka tara a ɗakin nan sulalla ne, mafi yawansu waɗanda manyan bankunan ƙasashe suka sa aka buga don tunawa da cikarsu wasu shekaru da kafuwa. Kafin Sarki ya zagaya, muna neman izini mu faɗi abin da ke kan kowane teburi, sannan mu gabatar da roƙo guda ɗaya.

Teburin farko namu ne na gida. Akwai wuri, kuɗin kakanninmu, akwai liyari, kuɗin azurfan nan mai hoton sarauniyar Ostiriya da fatake suka riƙa shigowa da shi ta hamada, wanda ko yaushe aka buga shi bayan rasuwarta shekarar 1780 ce a jikinsa. Kusa da shi akwai anini mai huda a tsakiya da rubutun Larabci. Anini na da darasi ga duk mai son buga kuɗi a ƙasar nan: a 1907 da alminiyam aka fara buga shi, gumin hannu da laimar damina suka cinye shi, dole a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Mai Martaba zai ga guda biyu a jere, ɗaya fuskarsa ta zaizaye kamar gara ta ci, ɗayan har yau ana karanta shi tsaf.

Daga nan sai sulallan 1959. Babban Bankin Najeriya an kafa shi da dokar 1958, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959, kuma kuɗin da ya fara fitarwa su ne waɗannan. Taro mai kusurwa goma sha biyu yana ɗauke da auduga, sisi da koko, sule da itacen kwakwar manja, dala kuma, wato sule biyu, da gyaɗa. A ƙarshen layin akwai kwabo ashirin da biyar na 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, mai ɗauke da dalar gyaɗa, sai kwandalolin 2007, wato kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu. Muna roƙon Sarki ya riƙe waɗannan amfanin gona huɗu na 1959 a ransa, don za mu dawo gare su.

Allah ya taimaki Sarki, teburi na biyu shi ne zuciyar wannan taro, kuma ƙasashe uku muka fi ba wa wuri.

Babban Bankin Ingila an kafa shi a 1694. Da ya cika shekara 300 a 1994 aka buga fam biyu na tunawa, nauyinsa giram 15.98, faɗinsa milimita 28.4, daga haɗin jan ƙarfe da tutiya da nikel. A bayansa akwai tsohon hatimin bankin da haruffan sunayen Sarki William da Sarauniya Mary waɗanda a zamaninsu aka kafa shi, a gefensa kuma aka sassaƙa taken Latin mai ma'anar kuna aiki ne ba don kanku ba. Na gama-garin yana gabanmu. Na zinariyar sai dai hotonsa, amma labarinsa ya isa a tsaya a kansa. Ingila na da wani tsohon sulen zinariya da faɗinsa da nauyinsa suka yi daidai da wannan, shi ma da kan Sarauniya Elizabeth ta Biyu a fuskarsa, sai dai ba a rubuta darajar kuɗi a jikinsa. Wajen buga na zinariyar sai aka ɗauko hatimin fuskar wancan aka haɗa da hatimin bayan wannan. Da yake girman ɗaya ne, hatimin ya zauna a cikin inji daram, babu abin da ya nuna an yi kuskure, har wasu suka isa hannun masu saye ba tare da rubutun fam biyu ba. Masana wannan fanni suna kiran irin wannan sule alfadari, don ubansa daban uwarsa daban. Maganinsa sananne ne: kowane hatimi da lambarsa da rajistarsa, mutum biyu su duba kafin a ɗaura shi, kuma a ɗauki bugun farko a gwada shi da samfurin da aka amince da shi kafin a ci gaba.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanya. Babban bankinta ya buɗe ranar 30 ga Yuni 1921, shi ne mafi daɗewa a nahiyarmu. Da ya cika shekara 90 a 2011, da kuma 100 a 2021, sai ya fitar da rand biyar na tunawa ya sake shi cikin kasuwa, ana ba da canji da shi kamar kowane kuɗi. Na 2021 an zana ƙananan hotunan tsofaffin sulallan ƙasar a jikinsa. Rand biyar ƙarfe biyu ne, tsakiya daban zobe daban, faɗinsa milimita 26, da kwari a gefensa mai rubutu a ciki. Tun 2004 aka koma wannan fasali saboda masu jabu sun dami tsohon. Yadda ake haɗa shi abin sha'awa ne: ana huda zoben, a saka tsakiyar a ciki sako-sako, bugu ɗaya na inji shi ke fitar da zane kuma ya sa tsakiyar ta bazu ta kama zoben. Idan awon ramin ya kuskure ko da kaɗan ne, sai a ga tsakiya tana juyawa ko ta fice. Matsalar da suka fuskanta ta fi ta ƙarfe wuyar sha'ani. Mutane sun riƙa ɓoye irin waɗannan rand biyar na tunawa da zaton wata rana za su yi tsadar gaske, 'yan damfara suna rura wutar zancen a intanet, har sai da bankin ya fito ya nanata cewa wanda ya zaga hannun jama'a darajarsa rand biyar ce kawai. Abin da aka buga miliyoyi ba ya zama abin nema don an naɗe shi a tsumma.

Indiya kuwa bankinta ya fara aiki ranar 1 ga Afrilu 1935. An buga sulallan tunawa a 1985 da 2010, sannan ranar 1 ga Afrilu 2024 Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da na rufi 90 a Mumbai, na azurfa zalla mai nauyin giram 40, ɗauke da tambarin bankin, damisa a gindin itace mai kama da giginya. Wannan ba na kashewa ba ne, azurfar da ke jikinsa ta ninka rufi 90 sau da yawa. Ɗalibai su duba ƙarƙashin shekarar a kan ƙananan sulallan Indiya da madubin da muka ajiye: alamar lu'ulu'u tana nufin an buga shi a Mumbai, tauraro Haidarabad, ɗigo Noida, wanda ba shi da alama kuwa Kalkata. Da wannan 'yar alama ake gane gidan da aibi ya fito idan an samu.

Ranka ya daɗe, teburi na uku maƙeranmu ne suka shirya shi, don aikin bai yi nisa da nasu ba. Sule daga takarda yake farawa. Mai zane ya zana, mai sassaƙa ya fitar da shi a kan farar ƙasa ko a kwamfuta da girman da ya ninka na gaskiya, sannan inji ya rage shi ya yanka a kan ƙarfe. Daga wannan uwar hatimi ake danno hatiman aiki, a gasa su a tsoma su su yi tauri. Zanen da ke kan hatimin aiki a juye yake kuma a lotse, kamar na tambarin ofis. Ta ɗaya ɓangaren ana narka ƙarfe a zuba shi, a murza shi tsakanin manyan naɗe-naɗe har ya kai kaurin da ake so, a fafe shi zagaye-zagaye. Murzar nan tana sa ƙarfe ya yi taurin kai, don haka sai an sake gasa fallayen sun yi laushi, a wanke su, a matse gefensu ya ɗan tashi. Wannan tudun gefe shi ke kare zane daga gogewa, shi ke sa sulalla su hau kan juna su tsaya. Daga ƙarshe falle ya shiga cikin ƙawanya, hatimin sama da na ƙasa su haɗu a kansa da nauyin tan gomomi, ƙarfen ya malala ya cika kowane lungu na zanen, ƙawanyar kuma ta ba shi tsaga-tsagan gefe.

Injin buga na kashewa yana fitar da ɗaruruwa a minti ɗaya. Na ajiya, wanda muke kira bugun madubi, da hannu ake saka fallensa ɗaya bayan ɗaya, a goge hatimi har fuskarsa ta koma madubi, a buga sau biyu ko fiye a hankali. 'Yan gomomi ake samu a awa guda, shi ya sa yake da tsada.

Mun jera masu aibi a gefe, kowanne da dalilinsa. Siririn layi da ya taso a fuskar sule alama ce hatimi ya tsage, ƙarfe ya shiga tsagar. Zane biyu-biyu na nufin falle ya motsa tsakanin bugu da bugu. Inuwar zanen baya a fuskar gaba kuwa hatimai ne suka gwabza da juna lokacin da babu falle a tsakani. Harafin da ya ɓace yawanci maiko ne da ƙura suka toshe raminsa. Fararen ɗigo kamar na nono a kan azurfa ragowar ruwan wanki ne da ba a ɗauraye ba kafin a gasa, kuma idan ya kama ba ya fita sai da ɓarna.

Teburi na huɗu na gwaji ne da adanawa, kuma a nan muke so iyayenmu mata da 'yan kasuwa su ɗan daɗe, don su ne ake kawo wa irin waɗannan kaya a ce na zinariya ne. A fara da lambar da ke jikin takardar shaida. Azurfa 999 zalla ce, 925 kuwa a cikin kowane giram dubu akwai giram 75 na jan ƙarfe. Zinariya karat 22 kashi 916 ce cikin dubu. Oza ɗin da ake auna waɗannan ƙarafa da shi giram 31.1 ne, ba giram 28 na awon kayan abinci ba, kuma a wannan bambanci ake cutar mutane da yawa. Sai a ɗora sule a kan sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, a auna faɗinsa da kaurinsa, a kara masa maganaɗisu. Azurfa da zinariya ba sa bin maganaɗisu, amma jan ƙarfe da dalma ma ba sa bi, don haka wannan gwaji shi kaɗai bai wanke sule ba.

Gwajin ruwa ya fi ƙarfi. A ɗora kofin ruwa a kan sikeli a mai da shi sifili, a ɗaure sule da zare a sauke shi ya nutse ba tare da ya taɓa gindi ko gefe ba, a karanta abin da sikeli ya nuna, a raba nauyin sulen da wannan lamba. Azurfa zalla tana ba da 10.5, jan ƙarfe 8.9, zinariya zalla 19.3. Wato sulen azurfa mai giram 40 zai nuna giram 3.8, idan kuwa jan ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa zai nuna kusan 4.5. Akwai masu wayo da ke haɗa dalma da kuza su kwaikwayi nauyin azurfa, amma kunne yana tona su: a ɗora sule a kan yatsa a ɗan taɓa gefensa, azurfa tana yin ƙara mai tsawo, dalma sai ta ce tum ta yi shiru. Zinariya kuma akwai ƙarfen tungustan da nauyinsa ya kusa zama ɗaya da nata, wannan sai na'ura. Gargaɗi ɗaya: bugun madubi ba a tsoma shi a ruwa, ba a ƙwanƙwasa shi, ba a goga shi a dutsen gwaji ko a ɗiga masa asid. A bar shi cikin kwansonsa, a dogara da awo da takardar shaida da amincin inda aka saya.

Abin da ya fi lalata sulalla a gidajenmu kyakkyawar niyya ce. A ga azurfa ta yi duhu sai a ɗauko toka da lemon tsami a dirje ta kamar tukunya, ta yi fes, darajarta wajen masu tarawa kuwa ta zube, don gogewar ta bar dubban ƙananan zane da ba sa gyaruwa. Duhun azurfa daga farar wuta yake, wadda ke cikin robar ɗaure kuɗi da takardar jarida da hayaƙin girki. Ledar nan mai laushi tana fitar da wani koren danƙo da ke cin ƙarfe. A riƙe sule ta gefensa da safar hannu ta auduga, a ajiye shi cikin kwanson roba mai tauri, da rani a kare shi daga ƙurar hunturu, da damina a saka 'yar jakar shan laima a cikin akwatin. Mai tarawa kuma ya tuna haƙƙin Allah: bisa ƙiyasin da malamai da yawa ke bi, nisabin azurfa giram 595 ne, sule goma sha biyar masu giram 40 sun haura shi. Malamanmu suna nan, su za su yi ƙarin bayani.

Allah ya ba Sarki nasara, ga roƙonmu. Ranar 1 ga Yuli 2029 Babban Bankin Najeriya zai cika shekara 70 da fara aiki. Lokacin da ya cika 50 a 2009 ya buɗe gidan tarihin kuɗi a hedikwatarsa ta Abuja, abin a yaba. Muna fatan a wannan karo a buga sulen tunawa da zai isa hannun talaka. Dokar bankin ta 2007 ta ce Shugaban Ƙasa ke amincewa da fasalin kuɗi bisa shawarar hukumar gudanarwar bankin, kuma maganar sarakuna tana isa inda tamu ba ta isa.

A ganinmu iri biyu ya kamata a yi. Na farko na kashewa, da darajar da za ta sayi wani abu a kasuwa, ko da ruwan leda ne ko kuɗin mota na cikin gari. Kwandalolin 2007 sun nuna mana cewa sulen da ba ya sayen komai ba ya zagayawa, komai kyansa. Kuma a lissafa kuɗin ƙarfensa ya zauna ƙasa da darajarsa sosai, in ba haka ba tukunyar narki zai ƙare. Idan an dace da wannan, sule yana shekara ashirin zuwa talatin yana aiki, alhali ƙaramar takardar kuɗi tana yagewa cikin ɗan lokaci. Na biyu na ajiya, na azurfa da ɗan kaɗan na zinariya, a faɗi adadinsa tun kafin a fara, a sa lamba a kan kowace takardar shaida, a lalata hatiman a gaban shaidu idan an gama, a sayar a rassan bankin na jihohi tare da ƙayyade abin da mutum ɗaya zai saya, don kada 'yan kaɗan su kwashe su dawo suna tsawwala farashi. Zinariyar kuma a san daga ramin da ta fito. Ba mu manta da ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba, kuma sulen da zai ɗauki sunan ƙasa bai kamata ya fito daga irin wannan aiki ba.

Game da zane, shawararmu a koma ga auduga da koko da kwakwar manja da gyaɗa na 1959. Su ne suka fito tare da bankin ranar da ya fara, kuma babu sashen ƙasar nan da ba zai ga gonarsa a ciki ba. A buɗe gasa ga masu zane da maƙera da ɗaliban jami'a, a gaya musu tun farko cewa zanen da ya yi kyau a allo yana iya cushewa idan aka mai da shi faɗin milimita 26. A rubuta darajarsa da harsunan ƙasa har da ajami, kamar yadda yake a takardun naira 200 da 500 da 1000. A nan sai an yi hattara ƙwarai, don rubutun a juye ake yanka shi a kan hatimi, ɗigo ɗaya da maiko ya toshe yana mai da harafi wani harafin, haka ma lanƙwasar ƙ da ɗ a boko. Sai malamin da ya san rubutun ya duba samfurin ƙarfe da idonsa, ba takarda kaɗai ba. A ba gefensa wata tsaga ta daban da makaho zai gane da yatsa. Muna kuma da kamfanin buga kuɗi na ƙasa tun 1963, muna so a duba yiwuwar a yi aikin a gida, yaranmu su koyi yankan hatimi. Daga gasar zane zuwa bugun gwaji zuwa rarrabawa, shekara biyu ba ta yi yawa ba, don haka da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Mun rubuta waɗannan shawarwari dalla-dalla, Sarkin Maƙera zai miƙa su ga Mai Martaba tare da dala ɗaya ta 1959 mai gyaɗa, kyautar kwamiti.

Yanzu muna roƙon Mai Martaba ya sa mana albarka ya buɗe wannan baje koli. Safar hannu da madubin dubawa suna kan teburin farko, ɗalibai biyu za su riƙe fitila a gefe don zanen ya fito sosai. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasarsa lafiya, ya mai da shi fada lafiya tare da dukan 'yan rakiyarsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.